Aron Aji

A makarantar da ake wannan magana a kanta akwai wata ɗabi'a da ba a rubuta ta a ko'ina ba, amma kowane malami yakan san ta tun shekararsa ta farko. Idan lokacin ƙarin girman mutum ya zo, aka ce sufeto zai zauna ya ga yadda yake koyarwa, to ba a barinsa ya shiga ajinsa. Ana ara masa Ajin Sama, wato ajin da ke kan bene, inda aka tara yaran da suka fi kowa kaifin ƙwaƙwalwa, waɗanda kafin ka rufe baki daga tambaya hannuwansu sun kai sama. Haka aka yi wa tsohon malamin tarihi, ya zama mataimakin shugaba. Haka aka yi wa malamar da ta gaje shi, da wanda ya gaje ta. Ba a taɓa jin wanda aka ara wa Ajin Sama ya faɗi ba, kuma malamai ba su ɗauki abin a bakin ha'inci ba. A wurinsu daidai yake da mutum ya ari rigar fita wajen ɗan'uwansa ranar da zai gana da manya.

Wanda layi ya zo kansa a wannan shekarar shi ne malamin lissafi, wanda ɗalibai suka laƙaba wa Aradu, har malamai ma suka karɓi sunan, ya bi shi. Ya samo shi ne a Ajin Bakin Titi, ajin ƙarshe a ƙasa, wanda tagoginsa ke fuskantar hanyar manyan motoci. Nan ake tura yaran da sauran azuzuwa suka gaji da su, nan kuma aka tura shi yana sabon malami, da alkawarin za a canza masa idan an sami wani. Ba a samu ba har furfura ta cika masa kai. Duk wanda zai koyar a ajin nan sai ya fi ƙarar mota, ya fi surutun yara, ya fi injin niƙa da ke tsallaken titi. Shi kuwa ya fi su duka. An ce idan yana darasi, masu shagunan tsallake sukan san ko yau ranar rabawa ce ko ta ninkawa.

A farkon zangon nan muryar ta fara yi masa gardama. Da safe takan fito da kaushi, kafin a tashi ta zama kamar ana goga ƙarfe a dutse. Ya sha ruwan ɗumi da zuma har ya gaji, daga bisani matarsa ta tisa shi gaba zuwa wajen likitan maƙogwaro.

Likitan ya leƙa da ɗan madubi da fitila, ya daɗe yana leƙe, sannan ya koma kujerarsa.

"Malam, jijiyoyin muryarka sun yi kanta, kamar tafin hannun mai sara. Idan ka huta da ihu yanzu, za ta zauna da kai har tsufa. Idan ka ci gaba, wata rana za ka buɗe baki iska ce kawai za ta fito, kuma ba ni da abin da zai dawo da ita."

"Likita, ni ba ihu nake yi ba. Koyarwa nake."

"Maƙogwaronka bai san bambancin ba."

Aradu bai tayar da hankalinsa sosai ba, domin a ganinsa maganin yana tafe. Makarantar tana da mataimakan shugaba biyu. Ɗaya mai kula da horo, wanda ke tsayawa a ƙofa ya tare makararru, ya kuma jagoranci taron safe a fili. Ɗaya mai kula da karatu, wanda ke zaune a wani ofis mai labule da fanka a ƙarshen baranda, aikinsa tsara jarrabawa da karɓar iyaye ɗaya bayan ɗaya, da murya irin ta hira. Mai kula da karatu ne zai yi ritaya, kuma Aradu ne ya fi kowa daɗewa a cikin waɗanda suka rage. Abin da ke tsakaninsa da ofishin mai fanka darasi guda ne a gaban sufeto.

A ɗakin malamai, lokacin hutun shan shayi, ya tafi wajen malamar kimiyya, wadda Ajin Sama ke hannunta. Ya tsaya a gaban teburinta ya gyara zaman rigarsa, kamar yadda ya ga na gaba da shi sun yi.

"Malama, na zo neman aro."

"Na san za ka zo, Yaya. Na ba ka, amma da sharaɗi. Yarana ƙwai ne, ba a yi musu tsawa. Ka dawo mini da su da kunnuwansu."

Malamin wasanni, wanda ake kira Usur saboda abin da ke rataye a wuyansa ko a wajen biki, ya ajiye kofinsa.

"Aradu zai yi magana a hankali? Ku gaya mini ranar in zo da kujera. Wannan ko sallama ya yi sai allo ya zubar da ƙura."

"Kai dai ka ji da ƙwallonka," in ji Aradu. "Manya na maganar ilimi."

"Manya da aron yara! Naka fa, Baba, ina za ka kai su ranar?"

"Kai za a ba. Ka kai su fili su yi ta gudu har sufeto ya tafi. Haka aka saba yi."

Haka kuwa aka saba, don haka Usur bai ja ba.

Aradu ya ɗauki shirin da muhimmanci irin na mutumin da bai saba yin abu rabi ba. Ya zaɓi darasin kusurwoyin alwatika, wanda ya koyar da shi har ba ya buƙatar tunani. Abin da ke buƙatar horo ita ce muryar. Kullum bayan ya dawo daga aiki sai ya jingina wani ƙaramin allo a jikin kujerar falo, ya zaunar da autarsa a matsayin ɗaliba, matarsa kuma tana gefe a kan keken ɗinkinta a matsayin sufeto.

"Yara, idan muka dubi wannan kusurwa," zai fara a hankali.

"Baban yara, ban ji ba," in ji matar, ba tare da ta ɗago ba.

"Ki tsayar da keken mana."

"Ai ka ce sufeto ne ni. Sufeto ba ya tsayar da aikinsa don wani."

Autar kuwa takan ce, "Baba, kamar ba kai ba. Kamar kana ba mara lafiya haƙuri."

Duk da tsokanarsu, ya ƙware. Kafin ranar ta zo yana iya kai darasin daga farko har ƙarshe da murya mai laushi, yana murmushi a wuraren da ya tsara zai yi murmushi, har maƙogwaron ma ya ɗan sarara masa.

Sufeton da ya zo dattijo ne gajere mai sanƙo, da tabarau a kan karan hanci. Ya gaisa da shugaba, ya ƙi shayi, ya hau bene, ya wuce kujerar da aka ajiye masa a gaba ya tafi can baya, kusurwar dama, ƙarƙashin taga, ya zauna a benci kamar ɗalibi.

Darasin ya fara lafiya. Aradu ya zana alwatika ba tare da abin awo ba, ta fito daidai, abin da shi kansa ya san ba kowa ke iyawa ba. Ya yi tambaya, hannuwa suka tashi. Ya sake yi, suka sake tashi. Abin da ya fara damunsa shi ne shirun. Babu mota, babu injin niƙa, babu mai jan benci. Yana jin ƙarar allinsa a kan allo, abin da bai taɓa ji ba. Bayanin da ya saba maimaitawa sau uku, nan tun a na farko an gane, sai ya ga darasin da ya auna zai cika lokaci yana neman ƙarewa a rabi. Ya juya ga allo don ya ƙirƙiro wani misali, hankalinsa duk ya tafi kan lambobi, jikinsa kuma ya koma yin abin da ya saba.

A nan ya kamata a san wani abu game da Ajin Bakin Titi. Kusurwar baya ta dama, ƙarƙashin taga, ita ce wurin mai barci. Yara suna sauyawa shekara bayan shekara, amma kujerar ba ta taɓa rasa mai gyangyaɗi ba, domin nan iska ke shigowa. Aradu ya daɗe da daina juyowa dominta. Da wutsiyar ido yake hango kan da ya sunkuya, sai ya karya allin hannunsa, ya jefa ta saman kafaɗa, ya bi shi da tsawa, bai fasa rubutu ba. Bai taɓa kuskure ba.

Ranar ma bai kuskure ba. Wutsiyar idonsa ta hango kai a sunkuye a kusurwar dama, hannu ya karya alli, ya wurga.

"Kai na bakin taga! Tashi, uban barci! Gidanku babu gado ne?"

Muryar ta fito gaba ɗayanta, irin wadda aka tsare ta kwana da kwanaki. Gilasan taga suka amsa. Wata yarinya a layin gaba ta saki alƙalaminta. Azuzuwan ƙasa suka yi tsit, har yaransa da ke gudu a fili tare da Usur suka tsaya cak, kowa ya gyara tsayuwa, domin sun san mai ita.

Sai da ya juyo ya ga inda allin ya sauka. Farin ɗigo ne a tsakiyar sanƙon sufeto.

Dattijon ya ɗago a hankali, ya gyara tabarau, ya sa yatsa ya shafo wurin ya duba.

"Ban yi barci ba, Malam. Rubutu nake yi. Ci gaba."

Aradu ya ci gaba, domin babu abin da zai yi in ba wannan ba. Ya ƙarasa darasin da murya mai laushi, amma babu yaron da ya sake ɗaga hannu. Da aka kaɗa ƙararrawa ya bi sufeton zuwa baranda yana neman kalmar da zai fara da ita.

"Ranka ya daɗe, wallahi kuskure..."

"Wa ke zama a wurin nan a ajinka na gaskiya?"

Aradu ya fara kame-kame, sufeton ya ɗaga masa hannu.

"Kada ka damu. Duk wanda na zo dubawa a makarantar nan, a wannan ajin nake tarar da shi. Yaran har sun san jakata. Amma yau ne na fara ganin sabon abu." Ya leƙa fili, inda yaran Ajin Bakin Titi ke tsaye har lokacin ba su koma gudu ba. "Daga bene ka tsayar da waɗancan?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe. Sun saba."

Sufeton ya jinjina kai, ya sauka.

A ɗakin malamai an sha dariya har Usur ya kwanta a kan benci. Malamar kimiyya ta ce biyu daga cikin yaranta sun zo da ciwon kai, kuma ba za ta sake ba da aro ba sai da mai tsaya wa mutum. Aradu ya kwashi littattafansa ya fita. Ya ɗauka magana ta ƙare, ya zama malami na farko da aka ara wa Ajin Sama ya faɗi, kuma wannan ya fi yi masa ciwo fiye da rasa ofishin.

Bayan 'yan makonni shugaba ya aika a kira shi. Ya tarar da shi cikin fara'a.

"Zauna, Malam. Ina taya ka murna, ka zama mataimaki."

"Ni, Yallaɓai? Bayan abin da ya faru?"

"Saboda abin da ya faru. Sufeto ya ce a yawonsa bai taɓa ganin mutumin da ya dace da kula da horo irinka ba. Ya ce murya irin wannan asara ce a kulle ta a ofis. Ka san mai horo na yanzu ya daɗe yana roƙon a mayar da shi ɓangaren karatu, rashin magaji ya hana. To yanzu an samu. Shi zai koma can, kai ka karɓi ƙofa da taron safe."

Aradu ya gyara zama. Ya gaya wa shugaba abin da likita ya ce, bai rage komai ba. Shugaban ya saurara da tausayi na gaske.

"Ashe haka ne. To lasifikar taro dai ka san ta lalace tun zamanin wanda na gada, mun rubuta a gyara, muna jira. Abin da ke hannuna ɗaya ne. Idan ba za ka iya ba, ɗakin littattafai babu kowa. Zan cire ka daga aji in ba ka shi, ka zauna ba mai sa ka ɗaga murya har ka yi ritaya. Amma ba muƙami ba ne, kuma wanda ya mayar da ƙarin girma ba a sake yi masa tayi. Ka je ka yi shawara."

Ɗakin littattafai yana da nasa tarihin, kuma Aradu ya san shi sarai. Can aka ajiye malamin da hankalinsa ya taɓu. Can aka ajiye wanda yara suka kora daga aji da ihu. Duk wanda aka ba mabuɗin ɗakin nan, malamai sukan gaishe shi da murya ƙasa-ƙasa, irin gaisuwar da ake yi wa mai jinya.

Matarsa ta tsayar da keken ɗinki wannan karon.

"Ka karɓi mabuɗin, Baban yara."

"In zauna ina kaɗe ƙura a inda aka ajiye mahaukaci?"

"Ka zauna kana karatu a inuwa. Me ka rasa? Kai da ka ce ofis mai shiru kake so, ga shiru an ba ka."

"Shiru da muƙami na ce. Tun da aka kafa makarantar nan ba a taɓa jin malamin da aka ce ya zama mataimaki ya ce a'a ba. Tsohon malamin tarihi da ƙafa ɗaya mai ciwo ya karɓa. Wadda ta gaje shi da hawan jini ta karɓa."

"Kuma ina take yanzu?"

"Wannan kwananta ne ya ƙare."

"To. Idan jikokinka suka zo, tsohon malamin tarihi ne zai yi musu hira?"

Autar ta ce daga ƙofar kicin, "Baba, ni dai gara a ce mini 'yar mai littattafai da a ce 'yar bebe."

"Ke, da ke ake magana?"

Ya ce zai yi tunani, kuma ya yi. Sai dai tunanin nasa bai wuce ɗakin malamai ba: yadda Usur zai gaishe shi a hankali, yadda yaran da ya koyar, waɗanda yanzu malamai ne, za su riƙa wuce shi zuwa ofis. Ya kuma gaya wa kansa cewa taron safe ɗan lokaci ne, ba kamar darasi ba, kuma lasifika ai za a gyara ta. Da safe ya sanar da shugaba ya karɓa.

A zangon farko makarantar ta ga horon da ba ta taɓa gani ba. Makararru suka ƙare, domin daga kwanar titi ake jin muryarsa sai yaro ya sa gudu. Taron safe ya zama kamar faretin soja. Iyaye suka yi ta yabo, shugaba ya yi ta murna. Aikin kuwa ya wuce taron safe nesa, domin akwai ƙofa, akwai faɗan lokacin hutu, akwai masu tsallake katanga, kuma kowanne da tsawa ake maganinsa. Lasifika ba a gyara ta ba.

A zango na biyu, wata safiya yana tsaye a kan dandamali, dukan makaranta a jere a gabansa, ya buɗe baki zai ce a nutsu, iska ce kawai ta fito. Ya sake gwadawa, haka. Ɗaruruwan yara suna kallonsa. Usur ne ya fi kusa da shi, sai ya yafito shi da hannu, ya raɗa masa a kunne abin da yake son faɗa.

"Mataimaki ya ce a nutsu!" in ji Usur da ƙarfi. "Mataimaki ya ce 'yan aji uku su tsaya bayan taro!"

Haka aka kai taron ƙarshe. Likita ya yi abin da zai iya, har da ɗan aiki a maƙogwaron, amma abin da ya dawo raɗa ce mai kaushi, wadda sai an matso ake ji. Matarsa ba ta ce ai na gaya maka ba. Ta dai matsar da kekenta kusa da kujerarsa, takan kuma tsayar da shi idan ta ga leɓɓansa na motsi. Jikokinsa sun tashi sun san kakansu a mutum mai magana a kunne, idan aka ce musu sunansa Aradu sai su yi dariya.

Bai bar muƙamin ba, ba a kuma nemi ya bari ba. Ya riƙe shi har ritaya, kullum da safe yana kan dandamali cikin rigarsa mai guga, Usur a damansa, shi yana raɗa, wancan yana shela. Yara suka fi jin tsoron haka fiye da tsawar da, domin ba su san abin da ake raɗawa ba sai ya fito.

Wanda ya gaje shi matashi ne mai lafiyayyen maƙogwaro. A safiyarsa ta farko ya hau dandamali, ya dubi ɗalibai, ya yafito malamin wasanni ya raɗa masa sanarwa a kunne, domin tun yana ƙaramin malami haka ya ga mataimaki yana yi. Har yanzu a makarantar, mai kula da horo ba ya magana da bakinsa a taron safe. Sababbin malamai sukan ɗauka girmamawa ce ga muƙamin, kuma ba a cika samun mai gyara musu ba.